Hular Detroit

Cordell Pettway ya sake gyara ƙafafunsa a ƙarƙashin teburin, gwiwarsa ta bugi katako, kofunan ruwa suka yi rawa. Wanda ya tsara teburan nan da alama bai taɓa ganin ɗan ƙwallon kwando ido da ido ba. Tun la'asar aka shigo da su zauren nan na Brooklyn don bikin zaɓen sababbin 'yan wasa, samari dogaye cikin sababbin kwat, kowa da danginsa a teburinsa, aka kewaye su da igiya da kyamarori. An faɗa musu kada wanda ya tashi sai an kira sunansa.

"Dogo, ka bar girgiza mana teburi," in ji kakansa Otha daga cikin keken guragu. "Kaciya za a yi maka ne?"

"Baba, ana ɗaukarmu a talabijin fa," in ji Gwaggo Vernita, ƙanwar mahaifin Cordell.

"To su ɗauka mana. Na yi aski."

Tsohon ne ya raini Cordell tun rasuwar mahaifinsa, a wani ɗan gida da ke gabashin Detroit, kusa da masana'antar motocin da ta cinye masa ƙuruciya da rabin jinsa. Yanzu ƙodarsa ta gaza. Sau uku a mako ake kai shi wankin ƙoda, kuma Cordell ne ke ɗaukarsa cak daga gado zuwa mota, don Vernita bayanta ba ya ɗaukar nauyi, shi kuma tsohon ya rantse ba wani ƙaton ma'aikacin asibiti da zai rungume shi. Saboda haka ne Cordell ya ƙi manyan jami'o'in da suka yi ta zawarcinsa, ya buga wa wadda ke kusa da gida. Ko wannan tafiyar ma tsakanin wanki da wanki aka matse ta.

Amma yau ba shi ke da zaɓi ba. Haka tsarin yake: ƙungiyoyin da suka fi shan kashi a bara su ake ba wa damar fara ɗiba, bayan an kaɗa musu ƙuri'a, kuma wadda ta kira sunanka ita ke da kai. Iya ƙwarewarka, iya lalacewar ƙungiyar da za ta same ka. Ba a tambayar yaro ina yake so, sai dai a tambaye shi awon kansa saboda hula. Detroit ce ta shida a layi. Cordell ya ƙi zuwa gwaji wurin ƙungiyoyin da ke gabanta, ya ce idon sawunsa na damunsa, don kawai su tsallake shi.

"A zamaninmu ba a wannan wahalar," in ji Otha, yana ɗaga murya irin ta wanda ba ya jin kansa. "Ƙungiya na da ikon ta ce yaron nan ɗan yankinmu ne, ta ɗauke shi tun kafin a fara layi. Ɗan gari ya buga wa gari. Da idona na gani."

"Kaka, ka faɗa mana a jirgi."

"Zan kuma faɗa a jirgin komawa. Kai ka saya mini bakin?"

Shugaban gasar ya fito ya kira na farko. Teburin da ke can gaba ya fashe da kuka da rungume-rungume. Aka kira na biyu, aka kira na uku. Duk sanda aka kira wani, mai kyamara sai ya juyo ya dasa ta a fuskar Cordell, yana neman baƙin ciki ya kai wa mutanen gida. Bai san cewa a duk zauren wannan ne kaɗai yaron da ke addu'ar a wuce shi ba. Da aka kira na biyar, ba shi ba ne, Cordell ya ji numfashinsa ya dawo. Vernita ta matse masa hannu a ƙarƙashin teburi.

Sai wayar Brubaker ta yi ƙara. Brubaker shi ne wakilinsa, ko dillalinsa in za a faɗi gaskiya, gajeren mutum mai wayoyi biyu. Ya toshe kunne ɗaya ya saurara, ya ce to, ya ce madalla, sannan ya sunkuyo daidai kunnen Cordell.

"Yanzu Detroit za su kira sunanka."

Cordell ya rufe ido.

"Tsaya, ban gama ba. Ba don kansu za su kira ba. Sun yi musaya da Portland, Portland suka ɗaukar wa. Can za ka."

"Portland ta ina?"

"Ta bakin tekun yamma, yaro, wacce kuma? Ka saurare ni. Hukumar gasar ba ta sa hannu a musayar ba tukuna, don haka a hukumance kai ɗan Detroit ne. Za a ba ka hularsu. Ka sa, ka yi murmushi, kada ka ambaci Portland ko da wasa."

"In na ce ba zan je ba fa?"

"Sai ka zauna a gida. Ba wata ƙungiya a gasar nan da ke da ikon taɓa ka." Brubaker ya dafa masa kafaɗa. "Ana sonka ne fa. 'Yan wasa biyu suka bayar don su same ka."

Shugaban gasar ya dawo kan dandamali. Cordell ya ji sunan garinsu, ya ji nasa sunan a bayansa, yadda ya sha ji a mafarki. Wata ma'aikaciya ta miƙo masa shuɗiyar hula hana-salla. Otha bai ji sanarwar sosai ba, amma ya ga hular, ya kuma san launinta tun kafin a haifi uban Cordell. Ya kama hannayen kekensa yana ƙoƙarin miƙewa. Cordell ya sunkuya ya ɗaga shi kamar kullum, sai dai yau tsohon bai yi masa tsiyar cewa ya matse shi ba, kuka yake yi a wuyan sabuwar kwat.

"Sun bar mini kai," yake cewa. "Dogo, sun bar mini kai."

Ta saman kafaɗar tsohon, Cordell ya ga Vernita tana kallon wayarta, murnar tana zubewa daga fuskarta. Labarin ya riga ya zagaya. 'Yan jarida sun sani, teburan maƙwabta sun sani, yaran da ke ihu a saman bene sun sani. Mutum ɗaya ne a zauren ba shi da waya. Vernita ta buɗe baki, Cordell ya girgiza mata kai.

Ya hau dandamali, ya gaisa da shugaban, ya yi murmushin da aka ce ya yi. Daga nan ma'aikaciyar ta riƙe masa gwiwar hannu ta shiga ja da shi ɗaki zuwa ɗaki. Nan hoto, can hira, can a ba shi ƙwallo ya riƙe. Wata 'yar jarida, wadda idonta ya nuna ta san komai, ta tambaye shi yadda yake ji da zai buga wa garin haihuwarsa. Ya ce abin alfahari ne. Bai taɓa jin kunya da takaici irin na wannan lokacin ba, ga shi ba damar ko cire hular, don duk sanda ya taɓa ta sai ma'aikaciyar ta ce ya mayar, ana ɗauka.

A wani ɗan ɗaki da ke bayan dandamali aka haɗa shi da danginsa. Akwai talabijin a bango, ana ci gaba da kiran sunaye. Otha ya riga ya tsara komai.

"Vernita, ranar Asabar za ki soya kifi, a kira mutanen coci duka. Kai kuma ka faɗa wa masu ƙungiyar, ranar wanki ba ka zuwa atisayen safe. In sun yi gardama ka haɗa ni da su." Ya miƙa hannu. "Kawo hular nan in gani. Kanka kamar tulu, za ka buɗa ta."

Cordell ya dubi ma'aikaciyar. Ta duba agogonta, ta kau da kai. Ya cire hular ya ɗora wa tsohon. Ta yi masa yawa, ta sauko har kan kunnuwa, ta danne 'yar na'urar jinsa.

A talabijin shugaban gasar ya sake fitowa, ya ce yana da sanarwar musaya. Hoton Cordell ya cika bangon, da shuɗiyar hular a kansa, sai kuma alamar Portland, baƙa da ja, ta fito a gefensa. Vernita ta juya ta fuskanci ƙofa.

"Ga ka can kuma," in ji Otha. "Me yake cewa?"

Cordell ya durƙusa a gaban keken, har a durƙushen ma ya fi tsohon tsawo. Ya ɗaga gefen hular daga kunnensa, ya faɗa masa a hankali, ba tare da ya rage komai ba. Ya ce zai samo wanda zai riƙa kai shi asibiti, mutumin kirki, mai ƙarfi. Ya ce zai riƙa zuwa duk sanda aka ba su hutu. Yana faɗa yana jin yadda maganar ba ta da nauyi.

Otha ya daɗe yana kallon talabijin ɗin, har aka kira wani yaron aka ba shi tasa hular.

"Mota na zuwa can?"

"Kwana uku ne, Kaka."

Tsohon ya gyaɗa kai. Aka ƙwanƙwasa ƙofa, Brubaker ya leƙo da wata sabuwar hula baƙa a hannu, ya ce masu hoto na jira, yanzu an halatta.

"Wannan fa?" Otha ya taɓa ta kansa. "Ita ma sun musanya ta?"

"A'a, Kaka. Wannan taka ce."

"To ita ta koma gida." Ya jawo bakin hular ya rufe idanunsa da shi. "Je ka, Dogo, kada ka sa mutane jira. Vernita, koyi tura keken nan tun yanzu, ki bar karo da bango."