Goggo Saude da Birkin Jar Mota

Ranar sunan ɗan jikarta Bushira, Goggo Saude ta ƙi shiga motar haya. Ta ce jar motar Muzammil ce za ta kai ta Doguwa, ko kuwa ta fasa zuwa.

Muzammil ɗan ƙaninta ne, mai sayar da wayoyi a Kano. Bai daɗe da sayen motar ba, 'yar Kwatano mai ƙofa biyu, gajeriya kamar ta kwanta a ƙasa. Tun ranar da ya shigo da ita garinsu Badafi rurin injinta ya tafi da hankalin Goggo.

Da suka hau kwalta ya ɗan taka. Goggo ta dafe ɗankwali tana ƙyalƙyala dariya, ta ce ya ƙara. Gonakin masara suka riƙa gilmawa, ita kuwa sai salati take tana tafi.

Sun kusa Tudun Wada sai ga garken shanu yana tsallaka titi. Muzammil ya taka birki. Motar ta tsaya lafiya, amma da wata ƙara mai tsini kamar ana wasa wuƙa a dutse. Ya sake gwadawa a gaba, ƙarar tana nan. Ya ce wa Goggo akwai gangara bayan dajin Falgore, shi kam ba zai shige ta a haka ba.

Suka tsaya wajen wani bakanike mai suna Mudi. Ya kwance tayar gaba, ya zaro takalmin birkin, ya sha ci har bai fi kaurin farce ba. Ya ce motoci masu gudu irin wannan sun fi na haya cin takalmi. Wani ya shekara biyu da nasa, wani ko shekara ba zai kai ba, ya danganta da ƙafar direba. Ƙarar kuma wani ɗan ƙarfe ne da aka saka don gargaɗi, in aka yi biris da shi faifan birkin zai ci. An yi sa'a wanda ya sayar wa Muzammil motar ya bar sababbin takalma a but ɗin bayan motar. Mudi ya canja na ɓangarorin biyu, Goggo tana zaune a benci tana ɓare gyaɗa, tana tambayar sunan kowane ƙarfe.

Da ya gama sai ya ce sabon takalmi yana son a zaunar da shi: a sami inda titi ba kowa, a ɗan yi gudu, a taka birki ba tare da an tsaya cak ba, a yi ta maimaitawa.

Goggo ta miƙe tsaye, ta dubi Mudi. "Ɗan nan, kana nufin gudun dole ne?"

"Dole ne, Hajiya, amma da hankali."

Ta riga Muzammil shiga mota. Duk sa'ad da ya taka birki ta sunkuyo gaba, sai ta ce bai zauna ba tukuna, a sake.

Sun isa Doguwa bayan azahar, an riga an ci abincin suna. Bushira ta fara ƙorafin sun makara, Goggo ta karɓe jaririn daga hannunta, ta yi masa addu'a, ta zauna tsakiyar mata tana kwaikwayon rurin injin da baki har yaron ya farka.