Sandar Baba

Likitan Kano ya dasa wa babanmu, Sahabi, batirin zuciya a ƙasan kafaɗar hagu, ya ce kada ya kuskura ya ɗaga wannan hannu sama da kafaɗa sai wurin ya warke, in ba haka ba wayar batirin za ta goce. Da alama likitan nan bai taɓa kallon Bafillatani yana tafiya ba. Baba tun yana yaro bai iya taku ba sai da sanda gicciye a wuya, hannaye biyu rataye a kanta.

Muka dawo garinmu Tsaskiya da shaƙuwa da kumburi da masifa. Shaƙuwar ta wuce, kumburin ya sace, masifar ce ta samu wurin zama. Na ɓoye sandar a rumbu. Washegari na kama shi yana gwada muciyar Inna, na ƙwace. Ya koma kan ƙotar fartanya.

"Baba, so kake a sake tsaga ka?"

"Ke Nusaiba, an mai da ni rediyo na haƙura. To hannuwan nan ina kike so in kai su?"

Daga nan ya daina fita, ya daina ma faɗan. Nan tsoro ya kama ni, don likita ya ce lallai ya riƙa tattaki. Tun da ɓarayin daji suka kore shanunmu, Baba bai fasa zuwa tsohon garke kowace safiya ba, ya tsaya, ya dawo. Tafiyar nan ce kaɗai ta rage masa, ni kuma na jefa ta rumbu.

Na ɗauko sandar na gicciya masa, na ce hannun dama nasa ne, na hagu ya zauna a aljihu. Sanda ta karkace. Sai na tsaya a hagunsa na rataya nawa hannun.

Haka muka ratsa gari, matan bakin rijiya har da riƙe ciki. Mamman mai shayi ya ɗaga murya, wai gonar wa za mu huɗe? Baba kuwa, Mamman ko kallo bai ishe shi ba.

A garke ya daɗe yana duban turakun da babu komai a jikinsu. Sannan ya waiwayo ya ƙare mini kallo.

"Karsana ɗaya dai suka bar mini," ya ce, "ita ma ga taurin kai."

Na yi dariya har da hawaye, amma ban sauke hannuna ba.