Ɗan Ƙarin Yaya

Auta malamin lissafi ne, amma in kana so ka ga ya gyara zama, ɗauko masa zancen taurari. Ba na sama ba, na cikin wani wasan kwamfuta da ake tuƙa jirage daga wannan tauraro zuwa wancan. Wasan ba ya nuna inda tauraro yake a taswira, nisansa kawai yake faɗa maka. Shi ne Auta ya buɗe wa 'yan wasan shafi a intanet. Duk wanda ya sauka a sabon tauraro sai ya turo nisansa daga waɗanda aka riga aka sani, kwamfutar da ta mamaye teburin cin abincinsu ta haɗa lissafi ta fitar da mazauninsa. Matarsa ta ce ba ta taɓa ganin wanda ya san gidan kowane tauraro ba, amma kullum sai an nemo masa silifas.

Rigimar daga yayansa ta taso, wani tela da shi ma wasan ya shiga ransa. Duk awon da Yaya ya turo sai lissafi ya karkace. Auta ya bi diddigi, ya tarar kowane nisa sai da ya ɗora masa ɗan ƙari.

"Haba Yaya, me ya kawo wannan?"

"Ba a yanka cif-cif, Auta. In mutum ya taso da man jirgi daidai awo, ya ƙare masa a hanya fa?"

Auta ya kore shi daga shafin. Da a nan ya tsaya da da sauƙi, sai ya rubuta a gaban kowa wai tauraro ba wando ba ne. Jama'a suka sha dariya, Yaya bai yi ba. Tun daga ranar ko a taron dangi sama-sama suke gaisawa, kuma abin yana cin Auta, girman kai ne kawai ya hana shi faɗa.

Ana nan sai wani tauraro ya ƙi zama wuri ɗaya. Masu turo awo, 'yan son jiki, duk daga ɓangare guda suka auna, kwamfuta ta ba da amsa biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Sai an samu awo daga can ƙetare kafin a san ta gaskiya. Jirgi ɗaya ne tak a wannan lungun, na Yaya, don can ya yi zuciya ya tafi bayan an kore shi.

Auta ya yi ta roƙon jama'a a shafi, kowa ya ce nisa. Matarsa tana ture kwamfutar don ta samu wurin ajiye faranti ta ce, "Shagon Yaya dai a bayan layin nan yake, ko shi ma sai an auno maka?"

Auta ya je, ya tarar da shi a kan keken ɗinki, tef a wuya, alli a bayan kunne. Yaya bai ɗago ba sai da ya kai ƙarshen ɗinkin ya ciji zare.

"Malam mai taurari. Ɓatan hanya ka yi?"

Auta ya yi ta kame-kame kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Yaya ya ɗauko waya daga cikin ƙyallaye, ya daddanna, ya karanto masa nisan lamba bayan lamba.

"Babu ƙari?" in ji Auta, ya kuwa yi da-na-sanin tambayar tun kafin ya rufe baki.

"Babu. An gaya mini tauraro ba wando ba ne."

Kunya ta rufe Auta. "Yaya, ka yafe mini. Wallahi ba tauraron ne kaɗai ya kawo ni ba."

Yaya ya yi kamar bai ji ba. Ya miƙe ya sauko da wata leda da ta yi ƙura a jikin ƙusa. Riga ce ya ɗinka masa da tsohon awo tun kafin rigimar, bai bayar ba, bai kuma sayar ba. Auta ya dubi rigar, ya dubi tumbin da zaman kwamfuta ya ajiye masa, ya ce ba za ta shiga ba.

"Sa mu gani."

Ta shiga, ta zauna masa daidai, maɓallin ciki ma bai ja ba. Yaya ya kakkaɓe masa kafaɗa, ya gyara wuyan rigar, ya daɗe yana gyaransa fiye da yadda wuyan yake bukata.