Waken Jarka da Waken Buhu

Jan biro ya ratsa takardar daga wannan kusurwa zuwa waccan, har ya huda ta. A sama Bilkisu ta rubuta taken bincikenta na shekarar ƙarshe: "Matsalolin Noma a Arewacin Najeriya". A ƙasa malamarta, Dokta Zubaida, ta amsa mata da layi biyu: "Wannan ba tambaya ba ce, daji ne. Ki kawo mini tambaya ɗaya ranar Litinin, in ba haka ba sai baɗi." Karo na uku ke nan.

Ranar Asabar ta sauka a ƙauyensu da ke bayan Hunkuyi, ta wuce siton Baffa Tukur, yayan mahaifinta. Shekara talatin yana sayen wake da kaka, ya ajiye sai ya yi tsada. Shi ne babban masu sito na garin, kuma ba mai buɗe wa baƙo baki sai da izininsa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa yana kallon masu dako da ke jera buhuna, kowannensu ya ɗaure hanci da tsumma.

"Karanta mini abin da aka soke," in ji shi.

Ta karanta.

"Arewa gaba ɗaya? Ke da ba ki san hanyar gonar ubanki ba? Kai, ku zo ku ji, 'yar boko za ta gyara Arewa kafin jibi!"

Masu dako suka yi dariya cikin tsummansu.

"To, jihar Kaduna, Baffa."

"Wace Kadunar? Ta masu citta ko ta masu rake?"

"Ƙaramar hukumarmu, Kudan."

"Noman me?"

Ta dubi buhunan. "Wake."

"Shukarsa, ko feshinsa, ko roronsa, ko ajiyarsa? Ko kin zaci a buhu yake tsirowa?"

"Ajiyarsa."

"Madalla. To me ya dame ki game da ajiyar wake?"

Ta juya takardar a hannunta.

"Ka gani. Shekara huɗu ana kashe mata kuɗi, ba ta da abin da take son sani. Irinku sun sha zuwa nan da takarda. 'Baba, mene ne matsalarku?' Mu ce taki, mu ce gwamnati, su rubuta su tafi. Ba su ƙaru ba, mu ma ba mu ragu ba. Tashi ki ba ni wuri."

Ta tashi idanunta na zafi. Ta ɗauka kunya ce. Sai da ta fita iska ta buge ta, ta gane cewa warin da ke cikin siton ma yana da nasa rabon. A bayan ƙofa ta ga kwalabe shida, babu komai cikinsu, irin na maganin feshin gona.

A cikin gida ta tarar da Inna Jamila, matar Baffa, ta ɗora ruwan shinkafa da wake. Inna ta kwance ledar da aka toshe bakin wata jarka da ita, ta karkata ta, wake ya zubo, duk ya yi furu-furu da toka. Bai cika kwano ba.

"Inna, ba zai isa ba. Bari in ɗebo a sito."

"Kul!" Inna ta riƙo gefen hijabinta. "Na buhu ba na ci ba ne."

"To na mene ne?"

"Na kasuwa. Ke dai zauna ki tsince mini wannan."

Bilkisu ba ta tsince ba. Ta juya bayan takardar da aka soke, ta ɗora a gwiwa. Ta rubuta, ta goge. Ta rubuta "illar magani ga lafiyar al'umma", ta ga ta sake shiga daji, ba ta da asibiti, ba ta da na'urar gwaji, ta goge. Ta tambayi Inna masu sito nawa ne a garin. Inna ta lissafa da yatsu, goma sha biyu.

Bayan la'asar ta koma sito. Baffa na zaune a kan buhu yana jan carbi.

"An samo Arewar?"

"Na samo tambaya, Baffa." Ta karanta a hankali. "Cikin masu sito goma sha biyu na garin nan, mutum nawa ne iyalinsu ke cin waken da suka ajiye don sayarwa bana?"

Carbin ya tsaya. Masu dako ba su yi dariya ba.

"Wa ya aiko ki?"

"Kai ka rage mini ita, Baffa. Tun daga Arewa har zuwa ajiya."

"Ba ki da kunya. Da me kike tsammanin ake korar ƙwari wata shida? Da turanci?" Sannan ya sassauta murya. "Ai waccan ta farkon ma ba ta da laifi. Babbar magana ce, ta manyan malamai. Ki koma kanta. Zan tara miki mutum hamsin su ba ki labarin taki."

"An soke ta sau uku."

"To ki kai wannan, ki ga ko za ki sake taka ƙofar gidana."

Akwai buhu ɗaya a gefe da ba a ɗinke ba. Waken fari tas, ko huda ɗaya babu. Bilkisu ta sunkuya ta cika tafin hannunta.

"Na jarka bai isa ba, Baffa. In kai wa Inna ta ƙara a tukunya?"

Kafin ta miƙe ya cafke wuyan hannunta, ya girgiza shi har waken ya watse a ƙasa. Ya daɗe bai sake ta ba.

Da ya sake ta, ta goge tafinta a jikin buhu, ta ciro biro. A ƙarƙashin tambayar ta jera lambobi daga ɗaya zuwa goma sha biyu, ta cike layin farko: "Baffa Tukur, ba sa ci."