Shirun Yagana

A shekarar 1957 Allah Maɗaukaki ya azurta Malam Kyari na Fagge da jika. 'Yarsa Yagana, wadda ta dawo gida goyon ciki, ta sauka lafiya ranar wata Talata da hantsi, ta sami ɗa namiji, ɗanta na fari. Ungozoma ta yanke cibiya da askar da ta daɗe tana aiki da ita, Malam ya yi wa yaron huɗuba da Modu, aka ɗaure ragon suna a gindin dalbejiyar tsakar gida.

Ranar Asabar sai ga Agnes, wata ma'aikaciyar asibiti da ke zaune a Sabon Gari, wadda ta saba sayen turaren wuta a wajen Inna Fanta, matar Malam.

"Inna, haka ake yi? Ku haihu ku ɓoye mini, don kada in ci naman suna?"

"Ke da ko turare sai kin yi ciniki kamar za ki sayi raƙumi? Shigo ki ga mijinki."

Agnes ta karɓi jaririn tana dariya. Da ta kware zanen sai dariyar ta ɗauke. Gefen cibiyar ya yi ja, yana ɗan fitar da ruwa.

"Wannan ba abin wasa ba ne, Inna. Cuta kan shiga ta nan ta bi jini. Amma yanzu akwai allura, fenisilin, na ga yaran da ta tayar da idona." Ta juya wajen mai jego. "Yagana, yana kama nono sosai?"

Tun jiya yaron yake sakin nono, kuma babu wanda ya san haka sai uwarsa. To amma ɗan fari ne, ga mahaifiyarta a zaune, ga muryar mahaifinta tana tasowa daga zaure. Mace mai tarbiyya ba ta nuna ta kula da ɗan fari a gaban iyayenta. Yagana ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi.

"Ke Agnes, ina kika taɓa jin an yi wa mace wannan tambayar?" in ji Fanta. "Yana sha, alhamdu lillahi."

"To, in yana sha, da sauƙi. Ku riƙa wanke wurin da ruwan da aka tafasa, ku kawo shi bayan suna. Amma in ya ƙi nono, ko da sau ɗaya ne, kada ku jira."

Asabar ta wuce, Lahadi ta wuce. Yagana tana matsa masa nono a baki yana dalalowa, tana sharewa kafin a shigo. Ranar Litinin bayan azahar, ana tsakiyar dakan suna, ta fito ba mayafi ta durƙusa a ƙofar zaure.

"Baba, kwana uku ke nan bai sha ba."

Malam Kyari bai tsawata mata ba. Ya rufe littafin da ke gabansa, ya naɗe jikan a cikin rigarsa, ya biya Sabon Gari ya nemo Agnes, suka nufi asibiti. Likita ya duba cibiyar, ya saurari ƙirjin, ya yi allurar da hannunsa. Sa'an nan ya yi magana da Turanci, Agnes ta juyo ta fassara wa Malam.

"Baba, ya ce cutar ta gama shiga jini. Ya ce da shekaranjiya ne..."

"Ajali ba ya gaba, ba ya baya," in ji Malam. "Amma Allah da ya saukar da cuta ya saukar da magani, kuma ya aiko mana da shi har cikin gida."

Da safiyar Talata Ubangiji ya karɓi abinsa. Mutanen da suka zo raɗin suna su ne suka yi masa salla, goron da aka tanada aka raba wa masu gaisuwa. Ragon yana nan a ɗaure, ba wanda ya tuna ya ba shi ruwa.

Da Malam ya dawo daga maƙabarta, ya tarar da Yagana a bakin ɗaki, zanen goyo a cinyarta.

"Baba, kun kai Modu?"

Mata suka dubi juna, domin uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Fanta ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Mun kai shi, 'yata," in ji Malam Kyari. "Faɗi sunansa. Allah ya gafarta mana."