An Ɗauke Lamba Tara

Duk Ƙanƙara babu wanda ya naɗa Mas'udu tela mai sharhin ƙwallo, shi ya naɗa kansa. Bai taɓa buga wa kowace ƙungiya ba, ko gudun tarar mota ba ya iyawa saboda tumbi, amma in ana batun wa ya kamata a sa, wa ya kamata ya ɗumama benci, bakinsa ya fi kekensa na ɗinki sauri. Kowace Alhamis Koci Mani, mai horar da ƙungiyar Guguwa ta Ƙanƙara, yakan liƙa sunayen waɗanda za su buga wasan Lahadi a bangon fili. Kowace Juma'a kuma, da an sauko daga masallaci, Mas'udu zai tura ƙyauren shagonsa, ya ɗauki waya ya yi odiyo na minti goma, ya bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, wannan ya wanke shi, wancan ya yi masa tatas. Kafin la'asar odiyon ya kai Faskari, ya kai Sheme, ya kai Sabuwa. Har masu zaginsa ba sa bari ya wuce su.

Mutum ɗaya ne bakin nan bai taɓa ci ba, Bilya ɗan Pauwa, mai lamba tara. Bahago ne, ɗan shekara ashirin da biyu, da safe yana gona, da yamma ya hau babur ya shigo gari atisaye. Sai da Mas'udu ya yi wata biyu yana damun Koci Mani a odiyo kafin a ɗago Bilya daga benci, kuma tun daga ranar yake jin yaron nasa ne. Shi ya ɗinka masa lambar a bayan jesi da hannunsa, ya ce ba zai karɓi komai ba. Ranar da Bilya ya ci Sabuwa daga tsakiyar fili, Mas'udu ya yi kuka a gaban jama'a, bai ko ɓoye fuska ba. A wasan nan akwai wasu mutum biyu da suka zo daga Kaduna cikin farar mota, suka zauna suna rubuce-rubuce, da aka tashi suka tambayi sunan mai lamba tara. Tun daga nan Mas'udu ba shi da zance sai nasu.

To, wata Alhamis cikin kaka ya je ya duba bango, babu sunan Bilya. Babu shi a sha ɗayan farko, babu shi a benci. Ransa ya ɓaci, ya kira Koci Mani nan take. Mani yana cikin motar haya ne a hanyar Sheme, da mutane ta kowane gefe, sai ya yi ƙasa da murya.

"Mutanen nan ne suka ɗauke shi," in ji Mani.

"Yaushe?"

"Shekaranjiya. Ana magana da su, an kusa daidaitawa. Don Allah kai shiru da bakinka tukuna."

Sabis ya ɗauke daga nan.

A ƙasar Ƙanƙara, a wannan zamani, ko tsohuwar da kunnenta ya yi nauyi aka ce mata mutanen nan sun ɗauke wani, ta san su wa ake nufi. Ba a kiran sunan 'yan bindigar daji a cikin mota, don ba ka san wanda ke kusa da kai ba. Amma kunnen Mas'udu ƙwallo ce cike da shi. A wurinsa ɗaukar ɗan wasa ma'ana ɗaya gare ta, wato wata ƙungiya ta saye shi, mutanen nan kuwa ai su ne na farar mota. Ya koma shago yana ta murmushi shi kaɗai, har ya ɗinka hannun riga a baibai. Shirun da aka roƙe shi ya riƙe shi kwana ɗaya cur, wanda a wurinsa ba ƙaramin ƙoƙari ba ne.

Odiyon Juma'ar nan ya fi kowanne tsawo. Ya ce shi dai an ce ya yi shiru, amma abin alheri ba ya ɓoyuwa. Ya ce manya sun ɗauke Bilya, ana kan ciniki. Da daɗin baki ya ɗebe shi, sai ya ƙara abin da ba wanda ya faɗa masa: ya ce ƙafar hagun nan ta Bilya ƙafar miliyoyi ce, ya ce daga Kaduna sai Legas, daga Legas sai Turai, ya ce mutanen Pauwa su shirya, arziki ya shigo masu gida.

Asabar da hantsi yana yankan yadi sai inuwa ta tare masa ƙofa. Gide ne, yayan Bilya, dogon manomi mai ƙarancin magana. Bai yi sallama ba, bai kuma zauna ba.

"Malam Mas'udu, mi muka yi maka?"

Mas'udu ya ɗago da dariya, yana shirin karɓar godiya. Da ya ga idon Gide sai dariyar ta tsaya.

Gide ya faɗa masa a tsaye, muryarsa ba ta ko rawa. Ranar Talata aka tare Bilya tsakanin Pauwa da Yargoje, yana hanyar zuwa atisaye. Aka shiga daji da shi. Da suka kira gida, Gide ya rantse masu yaron ɗan ƙwadago ne, gonar mutane yake yi wa aiki, babur ɗin ma na aro ne. Suka yarda. An tsaya a kan abin da dangi za su iya haɗawa, an sa Lahadi za a karɓo shi. Shi ya sa aka ɓoye maganar, ko liman ba a faɗa wa ba sai Koci Mani.

"Yau da asuba sun kira ni," in ji Gide. "Ba su ce mani komai ba. Muryarka suka kunna mani, tun daga farko har ƙarshe. Sannan babban nasu ya ce, ashe ɗan Turai ne a hannunmu kuke mana ƙarya."

Almakashin ya faɗi daga hannun Mas'udu. Ya buɗe baki zai ce ai shi ya ɗauka ƙungiya ce, sai ya ji yadda maganar za ta fito, ya haɗiye ta. Tsoro ya kama shi, da wata kunya da bai taɓa jin irinta ba.

"Abin da suke nema yanzu, ko Pauwa duka aka saida ba ya kaiwa," in ji Gide. "Kai suke saurare. To ka san yadda za ka yi su yarda ba kowa ba ne."

Mas'udu bai jira Juma'a ba, ranar ya yi odiyo ya ce ƙarya ya yi, babu wata ƙungiya, babu wasu miliyoyi. Mutanen dajin suka kira Gide suna dariya, suka ce tela ya tsorata ne. Sai Mas'udu ya gane janye magana ba zai isa ba. Dole ya rushe yaron gaba ɗaya, da irin ƙwarewar da ya gina shi, kuma a hankali, yadda ba za a ga alamar shiri ba.

Haka ya koma yi kowace Juma'a. Zai bi jerin Koci Mani kamar kullum, ya yi faɗa a kan mai tsaron gida, ya yi ƙorafin an bar ɗan baya mai ciwon gwiwa a ciki, sannan in ya zo lamba tara ya yabi wanda aka sa a madadin Bilya, wani mai ƙafa kamar taɓarya, ya ce yanzu ne Guguwa ta samu ɗan gaba. Daga nan ya juya kan Bilya. Ya ce ba ya gudu. Ya ce ƙafar damarsa ta hawa babur ce kawai. Ya ce mutanen Kaduna kallo ɗaya suka yi masa suka tafi, ko lambar wayarsa ba su karɓa ba. Da yake ya haddace kowace ƙwallo da yaron ya ci, sai ya riƙa ɗauko su ɗaya-ɗaya yana ɓatawa: ta Faskari gola ne ya yi barci, ta Sheme iska ce ta kai ta. A mako na biyar ya kai ga ta Sabuwa, wadda ya yi wa kuka. Sau huɗu yana farawa yana gogewa. A na biyar ya ce satar gida ce, alƙalin wasa ne bai gani ba, ya tura, ya fita bayan shago ya yi amai.

Zuwa lokacin gari ya san inda Bilya yake. Masu hankali sun gane abin da tela ke yi, amma babu mai iya faɗa, don ba a san ta wayar wa odiyon ke shiga daji ba. Sauran kuwa suka tsine masa. Aka ce yaro yana hannun 'yan bindiga, wannan ƙaton yana zaune cikin inuwa yana cin namansa. 'Yan wasan Guguwa suka daina gaishe shi. Wani ya zo ya karɓe yadinsa ba a ɗinka ba. Mas'udu bai kare kansa ko sau ɗaya ba, yana ganin kaɗan ma aka yi masa.

A mako na tara mutanen dajin suka gaji. Suka ce wa Gide ya kawo abin da aka yi magana tun farko, ya zo ya ɗauki tarkacensa.

Ba a kai Bilya Pauwa ba, asibiti aka wuce da shi, daga nan aka sauke shi gidan wata gwaggonsu a cikin Ƙanƙara. Sai da Mas'udu ya yi kwana shida yana zuwa bakin layin yana juyawa. Ranar Laraba da azahar ya daure ya yi sallama.

Bilya yana kishingiɗe a kan katifa, an lulluɓe shi da zane daga ƙugu zuwa ƙasa. Ya rame har kunnuwansa sun yi girma. Gide yana zaune a bakin ƙofa.

"Sannu Bilya. Ya jiki?"

"Da sauƙi, Yaya Mas'udu. Shigo mana."

Ya zauna a ƙasa. Duk jawabin da ya shirya a hanya ya gudu. Idonsa ya sauka kan zanen, ya ga tudun ƙafa ɗaya a inda ya kamata ya ga biyu.

Bilya ya bi idonsa da kallo. "Da farko ba su ɗaure ni ba," ya ce. "Ruwa ma nike ɗebo masu. Ran da suka ji odiyon suka ce ƙafar miliyoyi ba a barinta sake, suka sa mata sarƙa. Ta ci nama, ta ruɓe. Likita ya ce da an ƙara sati ɗaya da ba ƙafar kaɗai za ta tahi ba."

Mas'udu ya kifa kai a gwiwa. Ya ce a yafe masa, ya sake faɗa.

"Yaya Gide ya yi mani bayani. Na san don mi ka yi na baya," in ji Bilya. "Duk Juma'a suna kunna mani, su kewaye ni suna dariya. Ni lokacin ban san shiri ba ne." Ya murza bakin zane da yatsa. "Abu guda nike son tambayarka. Ka ga kai kana waje, ka fi ni gani. Wadda na ci Sabuwa, da gaske satar gida ce?"

"Wallahi ba satar gida ba ce. Daga tsakiyar fili ka ɗauko ta, mutum uku ka wuce. Ban taɓa ganin ƙwallo irinta ba, kuma ba na jin zan gani."

Fuskar Bilya ta ɗan saki. "Ni ma haka nike tunawa. Amma da na yi ta ji, sai na fara shakka." Ya dube shi. "To ka faɗa ran Juma'a. Ba don komai ba, don mutane su san na taɓa iyawa. Shi ke nan abin da ya rage mani."

"Zan faɗa," in ji Mas'udu. "Duka zan faɗa."

Gide ya rako shi har zaure. A nan ya riƙe masa hannu, riƙo mai zafi.

"Kada ka kuskura."

"Gide, ai ka ji abin da ya roƙa."

"Na ji. Su ma har yanzu suna jin ka. Ran da ka ce ya iya, sun san an yi masu wayo. Shi yana nan cikin gari, amma uwarmu tana Pauwa, da matata, da 'ya'yana huɗu, kuma dawa ba a gama yanka ba. Abin da ka faɗa, a bar shi yadda ka faɗa."

"Har yaushe?"

Gide ya saki hannunsa ya koma ciki.

Ranar Alhamis Koci Mani ya liƙa sunaye. Ranar Juma'a aka sauko daga masallaci, Mas'udu ya tura ƙyaure, ya zauna a bakin keke da waya a hannu. Ya yi tunanin ya bar abin haka nan, kada ya sake yin odiyo har abada, sai ya tuna shirun ma za a iya yi masa fassara a daji. Ya san a wani ɗaki, layi uku daga nan, Bilya ya jingina da bango ya aje waya a kan cinya yana jira.

Ya danna. Ya yi magana a kan gola, ya yi a kan 'yan baya, ya ja 'yan tsakiya fiye da yadda suka cancanta. Da ya zo lamba tara ya karanta sunan mai ƙafar taɓarya, ya ce Koci Mani ya yi daidai, a wurin nan ba a yi asarar kowa ba. Sannan ya wuce zuwa lamba goma.