Bayan Takardar Maganin Tari

Ga ta nan ta zo muku.

Ta shigo, muna sauraro.

Akwai wata mata mai riƙe da ofishin jam'iyyar ma'aikata, kowa Sakatariya yake ce mata har sunanta na yanka ya ɓace. A shekarar da nake ba ku labari, jam'iyyarsu ta sha ƙasa a zaɓe, faɗuwa mummuna. Abin da ya fi ƙona musu rai, unguwannin ma'aikatan masaƙa, waɗanda suke cewa domin su suke fafutuka, su ne suka juya musu baya. Har da babanta, tsohon da injin masaƙa ya cinye wa yatsu biyu, wanda a da shi ke saɓa tutar jam'iyya a kafaɗa.

'Yan jam'iyya suka taru a ofis, ragowar fastoci jibge a kusurwa, fanka tana ta juya zafi. Aka kawo wani mai tabarau, wai masanin ra'ayin jama'a. Ya ce mutanen nan gani suke an raina ibadarsu. Ya raba wa kowa takarda mai lamba ɗaya zuwa goma, yadda ake magana da masu addini, ya ce kowa ya fara da danginsa.

To, Sakatariya rabonta da gidan babanta shekara biyu, tun ranar da ta ce masa a gaban mutane limaminsu ne ke yi masa tunani. Ta ninke takardar, ta jefa a jaka, ta kama hanya.

Ta yi sallama, ta tuɓe takalmi tun daga bakin ƙofa, ta durƙusa har ƙasa. Da aka kira salla ta katse zancenta, ta jira ya je ya dawo. Ko sau ɗaya ba ta yi masa musu ba. Ta tambaye shi ƙirjin nan da ƙurar audugar shekara talatin ta lalata. Ku ji ni da kyau, jikokina, ba duka ne na takarda ba. Da ta ji yadda tarin ke girgiza shi, hawayen da ya cika mata ido nata ne.

Tsoho ya rasa inda zai sa ta don murna. Ya leƙa ya kira maƙwabcinsa tela, wai ya zo ya ga uwarsa ta dawo, don sunan mahaifiyar tsohon ta ci. Tela ya yi mata tsiya, ya ce ashe faɗuwa zaɓe na tuna wa mutum hanyar gidansu. Aka yi dariya.

Da za ta tafi, tsoho ya ce ta rubuta masa sunan maganin tarin da ta ambata. Ta lalubi jaka, ta yago gefen takarda, ta rubuta ta ba shi.

Bayan kwana uku ta komo, da niyyar wannan karon ta taɓo zancen zaɓe. Ta same shi a kujerarsa, guntuwar takardar a hannun nan mai yatsu uku. Ya juya bayan takardar, ya karanta mata da ƙyar, baƙi bayan baƙi: “Na huɗu, a tambaye su lafiyarsu. Na biyar, in an kira salla a yi shiru, suna lura da wannan.”

Ya ɗago kai. “Uwata, durƙuson lamba ta nawa ce?”

“Baba, wallahi tarin nan naka ya dame ni.”

“Wataƙila,” in ji shi. “Sai dai yanzu ban iya rabe naki da nasu ba.”

Bai yi faɗa ba. Ya miƙa mata takardar, ya ce ta gaida mutanen ofis, ya ɗauki butarsa.

Mai tabarau ya wuce wani gari da takardunsa. Tela ya baza labarin, har ta kai duk ɗan jam'iyyar da ya tuɓe takalmi a ƙofar wani sai a tambaye shi ta nawa ce. Zaɓe na gaba suka sake faɗuwa a unguwar. Sakatariya ta ci gaba da zuwa duk mako, ba takarda a jakarta. Tsoho yana amsa gaisuwarta yadda ake amsa wa baƙo, kuma bai ƙara ce mata uwata ba har ƙirjin nan ya kai shi kabari.